RSS da fodkas a aikin laburaren makaranta: me ya yi muku aiki a Zariya?

Maman Hanifa

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, barkanmu da war haka. Shawara na zo nema. A wurin aikinmu an ɗora mini abu biyu wannan zangon: koya wa sababbin ɗalibai amfani da laburare, da kuma sanar da malamai da 'yan digiri na biyu sababbin maƙalun da ke fitowa a fanninsu. Kun san yadda zaman wayar da kan nan yake. Sau ɗaya ake yi, zaure ya cika maƙil, na baya ba ya jin abin da ake faɗa, kuma ranar da yaro zai buƙaci bayanin, wato lokacin da ya fara firojet, ya daɗe da mancewa. Ina ta jin ana ambaton RSS da fodkas. Don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa ya faɗa mini abin da ya yi aiki a nan Zariya, da wutarmu da datarmu yadda suke.

Malam Na-Samaru

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Allah ya taya ki riƙo. Fara raba su gida biyu, don ba mutum ɗaya suke yi wa aiki ba. RSS naki ne, ke ma'aikaciya. Fodkas, wato shirin murya da ake saki kashi-kashi a intanet, na ɗalibi ne. Idan kika ce sai ɗan aji ɗaya ya sauke manhajar RSS ya riƙa bibiya, wahala kawai za ki sha.

Ga yadda RSS yake. Mujallun ilimi da yawa da ke intanet suna da wani adireshi na daban, wanda ba don idon mutum aka yi shi ba. Abin da ke cikinsa jerin sababbin abubuwan da aka ɗora ne: take, sunan marubuci, rana, wani lokaci har da taƙaitaccen bayani. Sai ki kwafi adireshin ki liƙa a manhajar karantawa, ita kuma ta riƙa leƙa miki kowace mujalla tana tattaro abin da ya fito. Maimakon ki buɗe shafi talatin, wuri ɗaya za ki buɗe, kuma rubutu ne zalla, ba ya cin data sosai. Tsohon abu ne, tun 1999 kamfanin Netscape ya fito da shi. Da Google ya rufe Google Reader a 2013 mutane da yawa sun ɗauka ya mutu, amma masu buga mujallu ba su daina ba.

A waya Inoreader nake amfani da shi, abokin aikina kuma ya fi son Feedly. Duka biyun suna da tsarin kyauta mai iyaka, kuma iyakar ta ishe ki farawa. A kwamfutar ofis Thunderbird ma yana yi, kuma shi a kan kwamfutar yake ajiye abin da ya ɗauko, don haka ko intanet ta ɗauke kina iya duba abin da ya riga ya shigo. Ki ware wa kowane sashe jakarsa. Amma kada ki fara da sassa goma. Ɗauki ɗaya, wanda shugabansa ke takowa laburare da ƙafarsa.

Hajiyar Kongo

'Yata, wannan aikin da kike ji kamar sabo, mun yi shi da takarda. Da mujalla ta iso, sai mu yi hoton shafin farko mai jerin abin da ke ciki, a haɗa na sati, masinja ya zagaya da shi sassa. Malami ya sa alamar biro a kan wanda yake so, ya dawo mana da takardar, mu ware masa. Na'ura ce ta canza, halin malamai bai canza ba. Abu biyu zan gaya miki.

Na farko, malami ba ya karanta dogon jeri. In kika tura masa take hamsin, ko ɗaya ba zai buɗe ba, kuma sati na gaba saƙonki ma ba zai duba ba. Zaɓi biyar, ki rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin kowanne kan dalilin da ya sa kika zaɓa masa. Kafin nan ki je ofishinsa ki zauna, ki tambaye shi a kan me yake bincike, ɗalibansa nawa, a kan me suke rubutu. Wannan zaman shi ne rabin aikin.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina: kada ki tura wa mutum taken maƙalar da ba za ki iya samo masa ba. Kamar ki nuna wa mai jin yunwa tuwo ta taga ne, ki kuma rufe ƙofa. Kafin ki tura, danna ki gani. In a buɗe take kyauta, to. In ba haka ba, ki duba ko makarantarku na da rajista da Research4Life, shirin da ke ba makarantu damar karanta mujallun ilimi, wato Hinari na fannin lafiya da AGORA na noma da sauransu. Wadda kika tabbatar za ta samu, ki rubuta "akwai cikakkiya". Malamai za su saba da wannan kalmar daga gare ki, su yarda da ita.

Maman Hanifa

Na gode Mama, Allah ya ƙara girma. Wannan na dannawa kafin a tura na riƙe shi.

Ɗan Tudun Wada

Ranku ya daɗe, a ba ɗalibi dama. Ina digiri na biyu a ɓangaren noma. Malam Na-Samaru ya ce RSS ba na ɗalibi ba ne. Ga ɗan aji ɗaya na yarda, amma mu da ke rubuta kundi muna buƙatarsa ƙwarai, kuma hanya mafi sauƙi a gare mu ita ce Zotero. Kyauta ne, kuma dama da shi muke tara manazarta. A cikinsa akwai wurin liƙa adireshin RSS. Sababbin maƙalu za su riƙa jeruwa a gefe, wadda ta yi maka sai ka danna ta shige cikin tarinka da sunan marubuci da shekara da komai, ba sai ka sake bugawa da hannu ba. Sai dai a lura, wanda ba ka adana ba yana gogewa da kansa bayan wasu kwanaki.

Anti Maman Hanifa, in za ki koya wa 'yan digiri na biyu, ki haɗa darasin da na Zotero a zama ɗaya. Mutum ya zo don ya huta da wahalar jera manazarta, sai ya tafi da abu biyu. Sannan za su tambaye ki Google Scholar, don kowa can ya sani. Shi ba ya bayar da RSS, sanarwa yake turowa ta imel. Ba laifi, a yi amfani da ita, amma a buɗe mata jaka ta daban a akwatin imel don kada ta binne sauran saƙonni.

Malama 'Yar Shika

Ni a ɓangaren lafiya nake koyarwa, kuma abin da zan ƙara shi ne PubMed, shafin neman maƙalun fannin lafiya. Yana da wata dama da mutane ke wucewa ba su gani. Idan ka yi bincike, a ƙarƙashin akwatin binciken akwai ɗan rubutu "Create RSS". Ka danna, zai ba ka adireshi na wannan binciken naka kaɗai. Daga ranar duk maƙalar da ta shigo ta dace da kalmominka za ta same ka, ko a wace mujalla aka buga ta.

A nan ne na ga amfaninsa a aji. Ina sa kowane ɗalibi ya tsara bincikensa, misali sikila ga mata masu juna biyu a Najeriya, ya mai da shi RSS, ya dawo bayan sati biyu ya nuna wa aji abin da ya shigo masa. Wanda ya sa kalma ɗaya tal, zai dawo da tulin da ba zai iya karantawa ba. Wanda ya cusa sharuɗɗa da yawa, zai dawo hannu rabbana. Su da kansu suke gane inda aka kuskure, su gyara kalmomin, su koyi amfani da AND da OR, abin da a allo sai ka yi ta maimaitawa bai zauna ba. Bayan haka sai kowa ya zaɓi maƙala uku daga cikin abin da ya samu ya faɗi wadda zai dogara da ita da dalilinsa. Abin da nake so a ce ma'aikacin laburare ne yake shigowa ajin muna yin wannan tare, don ku kuka fi mu sanin tsara bincike. Maman Hanifa, ki nemi malami ɗaya da zai ba ki awa guda a cikin darasinsa. Ya fi miki zaure cike da mutum dubu.

Injiniyan Sabon Gari

Salam. Ni mai kula da kwamfutoci ne, ba ma'aikacin laburare ba, amma ina yawan aiki da ku. Duk kuna maganar ɗauko na waje. Naku fa? Mujallun sassa da aka ɗora a kan manhajar buga mujallu ta OJS suna da RSS, kunna shi kawai ake yi a wurin saiti. Rumbun da ake ajiye kundayen digiri, in DSpace ne, shi ma yana iya bayarwa, ya danganta da sigar da aka girka da yadda aka saita ta. Katalogin Koha yana sa alamar RSS a sakamakon bincike, don haka za a iya yin jerin sababbin littattafan da suka shigo na kowane fanni. In kuma shafin laburarenku WordPress ne, ƙara /feed a ƙarshen adireshin kawai.

Amfanin wannan babba ne. Ɗalibin da ke neman batun firojet ya ga kundayen da aka gama kwanan nan a sashensa, ba zai ɗauko batun da aka riga aka tatse ba.

Sai abu ɗaya da ba a faɗa ba: OPML. Fayil ne ƙarami da ke ɗauke da jerin duk adireshin da kika tara. Kowace manhajar kirki tana iya fitar da shi, tana iya karɓarsa. Ki riƙa fitarwa kina ajiyewa. In kika canza manhaja, ko aka canza miki wurin aiki, wanda ya gaje ki zai ɗora daga inda kika tsaya. Kuma za ki iya haɗa na kowane sashe ki ba sabon ɗalibin digiri na biyu, ya zuba a Zotero ko Feedly, cikin minti ɗaya ya samu mujallun fanninsa.

Baban Abba

Ku gafarce ni, amma batun fodkas ɗin nan ban ga dalilinsa ba. Kowane aji yana da zauren WhatsApp. A yi saƙon murya a tura wa wakilin aji, shi ke nan. Me ya kawo Spotify da sauransu? Yaranmu data tsada take yi musu.

Malam Na-Samaru

Baban Abba, maganarka akwai gaskiya a ciki. WhatsApp nan ne ɗaliban suke, kuma ta nan za a kai musu. Matsalar ita ce saƙon murya a zauren aji kwana biyu yake yi a binne shi da sanarwar lacca da tallar turare. Ɗalibin da ya buƙace shi bayan wata huɗu ba zai same shi ba, wanda ya canza waya ya rasa, wanda ya shigo baɗi bai ma san an yi ba. Don haka a yi duka biyun. Asalin shirin ya zauna a wuri tabbatacce mai adireshi ɗaya, a jere da lamba da take. Kowane sabon kashi kuma a tura fayil ɗinsa kai tsaye zauren aji.

Injiniyan Sabon Gari

Batun data lissafi ne mai sauƙi. Muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar ingancin waƙa. In aka fitar da MP3 a 64 kbps, minti ɗaya kusan rabin megabait ne, shirin minti biyar bai kai megabait uku ba. Bidiyon barkwanci ɗaya da yaro zai kalla a Facebook yana iya fin haka. Kuma mutum ɗaya ya sauke, sauran ɗakin su karɓa ta Xender ba tare da data ba.

Abin da mutane ba su sani ba, fodkas ɗin ma RSS ne, wanda aka maƙala wa fayil ɗin sauti. Shi ya sa manhaja ke sanin an fitar da sabon kashi. Wurin ɗorawa kyauta akwai na Spotify, wanda da ake kira Anchor, suka saye shi a 2019, kuma yana ba ka adireshin RSS na shirinka. Ga ɗalibai masu Android ina ba da shawarar AntennaPod. Kyauta ce, ba talla, kuma ana iya saita ta ta riƙa saukewa sai in akwai wayfai, mutum ya saurara daga baya a bas tsakanin Samaru da Kongo. Amma ku tuna Google Podcasts an rufe shi a 2024. Kada ku bar asalin fayilolinku a hannun kamfani ɗaya. A ajiye a kwamfutar laburare, a ajiye a rumbun makaranta, in an so a sa wani kwafi a Internet Archive.

Gimbiyar Tudun Jukun

Ni na yi wa sashenmu irin wannan shirin, bari in faɗi abin da na gani wajen naɗa. Ba ki buƙatar sutudiyo. Wayarki ta isa. Abin da ke ɓata sauti ɗaki ne, ba waya ba. Ofis mai tayil da bango tsirara amsa-kuwwa yake yi, muryarki ta fito kamar daga nesa. Nemi ɗaki mai labule da kafet, ko ki shiga can cikin kantocin littattafai, takarda tana shanye ƙara. Kashe fanka ko da ana zafi. Ki kauce wa lokacin da janareta ke aiki, don ƙugin nan nasa ba ya fita gaba ɗaya ko da an tace. Ni na fi samun shiru da sassafe kafin masu shara su fara jan kujeru. Ki jingina wayar a kan littattafai biyu daidai haɓarki, tazarar tafin hannu, ɗan gefe kaɗan don iskar baki kada ta riƙa bugun makirfon. Sa ta a yanayin jirgi, kada kira ya shigo a tsakiya.

Kafin ki fara magana, bar daƙiƙa biyar na shiru. A Audacity, manhajar gyaran sauti wadda kyauta ce, wannan shirun za ki nuna mata ta gane ƙarar ɗakin ta rage shi a duk naɗin. Kada ki matsa tacewar da yawa, murya tana komawa kamar ta cikin ruwa.

Rubuta abin da za ki faɗa, amma kada ki karanta shi kamar labaran duniya. Abin da ya fi yi mini kyau shi ne in zaunar da ɗaliba ɗaya ta yi mini tambayar da bakinta, ni kuma in amsa mata. Kowane kashi tambaya ɗaya, minti huɗu zuwa shida. "Mai duba aikina ya ce manazartata sun tsufa, ina zan samu sababbi?" "Yaya zan gane mujallar bogi kafin in biya kuɗin bugawa?" "Mene ne satar fasaha, kuma in na canza kalmomi na tsira?" Wannan na ƙarshen shi aka fi turawa juna, har ɗaliban wasu makarantu suka riƙa nemana.

Abin da bai dace da murya ba shi ne danna nan, danna can. Yadda ake shiga Hinari ko girka Zotero, wannan hoton allo yake so, ko gajeren bidiyo. Murya ta fi kyau wajen bayanin dalili, da shawara, da hira da malamai kan abin da suke dubawa a kundi.

Maman Hanifa

Ma sha Allah, Yaya Gimbiya. To da wane harshe kika yi? Nan ne nake ta kai-kawo.

Gimbiyar Tudun Jukun

Da duka biyun, amma daban-daban. Makarantun Zariya na kowa ne, akwai 'yan kowace jiha, ba zai yiwu laburare ya yi magana da Hausa kaɗai ba. Kuma duk mun san akwai ɗalibin da ya zo daga makarantar ƙauye, yana jin Turancin littafi amma in ana zuba shi da sauri sai ya ɓace, ga kunya ta hana shi tambaya. Shi na Hausar yake buɗe wa ido. Ina naɗar na Turanci, in huta, in naɗi na Hausa a zama ɗaya. Ba fassara nake yi kalma da kalma ba, bayanin nake sakewa yadda zan yi wa ƙanwata. Sunayen da zai gani a allo kuwa ina barin su yadda suke, don in ya je gaban kwamfuta ya gane su.

Abu Sumayya

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai lalurar gani, da TalkBack, manhajar da ke karanta mini allon waya da murya, nake bin wannan zaure. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, don sanarwar laburare yawanci a allo ake liƙawa ko a turo hoton takarda, manhajata kuma sau da yawa ba ta iya karanta hoto. Ina da roƙo uku. A sa wa fayil suna mai ma'ana, kamar "Kashi na 3, mujallar bogi", ba jerin lambobi ba. A faɗi lambar kashi da batunsa a daƙiƙun farko. Sannan in za a kwatanta wuri, a kwatanta da baki sosai: daga ƙofar shiga ka yi dama, tebur na biyu. "Ga shi can" ba ya yi mana komai.

RSS ma yana yi mana daɗi, don rubutu ne tsantsa ba tare da tallace-tallacen da ke rikitar da manhajar karatu ba. Kuma ina tuna wa iyayenmu ma'aikata cewa Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta yi tanadi kan mayar da littafi zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita. In kun saba da naɗar murya, wata rana sai a duba wannan ɓangaren. Kada kuma a manta da 'yan'uwanmu kurame, a riƙa haɗa kowane kashi da rubutunsa.

Gimbiyar Tudun Jukun

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka, za a gyara. Rubutun ba wuya tunda dama da shi aka naɗa. Na'urorin mayar da murya rubutu dai a Hausa sai an bi su da gyara sosai, gara a yi amfani da wanda aka rubuta tun farko.

Baba Mai Ritaya

'Ya'yana, na karanta duka, kuma raina ya yi fari. Mutanenmu mutanen kunne ne. Tun 1957 ake sauraron sashen Hausa na BBC, kuma nan Samaru cibiyar yaɗa binciken noma ta NAERLS ta daɗe tana kai wa manoma sakamakon bincike ta rediyo, don ta san manomi zai saurara ko yana kan aiki. Ɗalibin da ya taso a gidan da rediyo ba ya mutuwa, ba za a koya masa sauraro ba.

Shawarata ɗaya. Bayan kun gama da tambayoyin firojet, ku juya makirfon ga tsofaffi. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take. Akwai waɗanda suka yi shekaru a laburaren Kashim Ibrahim na Samaru da laburaren Kennedy na Kongo, sun san yadda aka tara wasu tarin, sun san inda tsofaffin jaridu irin Gaskiya Ta Fi Kwabo suke, wadda aka fara bugawa nan Zariya a 1939. Akwai malaman tarihi da suka san rubutattun littattafan Larabci da ajami, da yadda ake riƙe su ba tare da an lalata ba. Ɗalibin tarihi ko na Hausa da ya ji dattijo yana bayanin abin da ke cikin wani ɗaki na laburare, gobe za ku gan shi a ƙofar ɗakin. Irin wannan hirar a bar ta ta yi tsawo, minti ashirin ko talatin ba laifi. Ku nemi izinin mutum a rubuce kafin ku saki muryarsa, ku kuma ba shi ya saurara tukuna. In kuna so, ni ma ku zo gida ku same ni.

Hajiyar Kongo

Allah ya ja da ran Baba. Maman Hanifa, tunda an zo batun izini, kafin ki sa sunan laburare a kan kowane shiri ki rubuta wa shugaban laburarenku, ki haɗa da kashi ɗaya na gwaji ya ji da kunnensa. Asusun da za a buɗe ya zama da imel ɗin ofis, ba naki ba, kuma mutum biyu su san kalmar sirri. Kada a sa waƙar kowa a farkon shiri ba da izini ba, kada kuma a karanta babi guda na littafin wani a saki ga duniya. Ki naɗi kashi biyar ko shida ki ajiye kafin ki sanar da na farko, saboda lokacin jarrabawa da rajista ba za ki samu sukuni ba, kuma shirin da ya yi shiru wata biyu ɗalibai sun sallame shi.

In an zo tambayar ko yana aiki, adadin saukewa ba zai gaya miki gaskiya ba, tunda mafi yawa ta WhatsApp da Xender zai yawo. Ajiye littafi a teburin tambaya. Duk wanda ya zo, a tambaye shi ina ya ji, a rubuta. A ƙarshen zango wannan littafin za ki kai wa shugaba.

Ɗan Tudun Wada

Anti, in kina neman ɗalibin da zai yi tambayoyin a naɗi na farko, ga ni. Ina da abokai biyu a sashenmu da za su so shiga.

Maman Hanifa

Na karɓa, ƙanena, zan neme ka ta gefe. Malam Na-Samaru, ko za ka taimaka mini da fayil ɗin OPML naka in ga yadda ka tsara jakunkunan? Sashen ilimi nake so in fara da shi, shugabarsu tana yawan shigowa.

Malam Na-Samaru

Zan fitar miki yau da daddare in sha Allah. Nawa ya fi yawa a noma da kimiyya, na ilimi kaɗan ne a ciki, don haka ki karɓi jerin mujallun daga bakin shugabar tasu, ni kuma in taya ki nemo adireshin kowacce. Wadda ba ki ga alamar RSS mai launin ruwan lemo a shafinta ba, liƙa adireshin mujallar kai tsaye a Inoreader, sau da yawa yana gano shi da kansa. Wadda ta ƙi, ki turo nan, Injiniya ya duba mana.